Ɗaya ya dawo da tumbi, ɗaya ta dawo a rame: me jami'a ke yi wa jikin ɗalibi?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Ya'yana biyu suna jami'a. Babban namiji ne, kafin ya gama aji ɗaya ya ajiye tumbi, alhali da can ɗan ƙwallo ne. Ƙanwarsa kuma da ta shiga bana ta dawo hutun zangon farko a rame, tana fama da jiri, ta ce wai olsa ce ta kama ta saboda yunwa. Kuɗi ɗaya nake tura musu, kayan abinci ma iri ɗaya. Ga autana zai shiga baɗi in Allah ya yarda. Me ke jawo haka, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya su, ya sa wa karatun albarka.

Abin da ya samu babban ɗanki da abin da ya samu ƙanwarsa tushensu ɗaya ne, ko da yake a ido sun yi hannun riga. Dukansu sun rabu da tsarin da yake ciyar da su yana motsa su ba tare da sun sani ba, kuma ba su kafa wani a madadinsa ba.

Duba yadda yaro yake a gida. Ba shi ke yanke shawarar lokacin cin abinci ba. A sauke tukunya, a zuba, a kira shi, in bai fito ba a aika ƙaninsa. Miyar da aka kaɗa, kuka ce ko kuɓewa ko taushe, ita zai ci, kuma a cikinta akwai daddawa da ganye da ɗan nama ko busasshen kifi, yana ci bai ma san amfaninsu ba. Wanda ya yi makarantar kwana kuwa ƙararrawa ce ke kora shi ɗakin cin abinci sau uku a rana. Motsa jiki ma haka. Ba wanda ya taɓa ce masa ya je ya motsa jiki, amma an aike shi kasuwa, ya kai niƙa, ya ɗebo ruwa, ya taka zuwa Islamiyya, da la'asar ya tafi fili. Yarinya ta yi shara da wanke-wanke da wanki, ta goyi ƙaninta. Ranar da aka sauke akwatinsa a ƙofar hostal, duk wannan ya yanke lokaci guda. Daga nan kowace loma sai ya yi shawara: ya dafa ko ya saya, yanzu ko bayan lacca, kuɗin na abinci ne ko na data. Yaro mai shekara 17 ko 18 ne ake ɗora wa wannan, a daidai lokacin da yake neman ɗakin lacca bai san inda yake ba.

An yi bincike sosai a kan wannan a ƙasashen Turawa. Amurkawa suna da wata tsohuwar magana cewa ɗalibi yana ƙara nauyin fam 15, wato kusan kilo 7, a shekararsa ta farko. Da aka auna sai aka ga an zuzuta. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya samu cewa matsakaicin ƙarin bai kai kilo ɗaya da rabi ba a cikin kusan wata 5. Sai dai kusan ɗalibai 6 cikin 10 ne suka ƙara, kuma su ɗin ƙarin nasu ya haura kilo 3. Ke nan akwai da yawa da ba su ƙara ba, wasu ma raguwa suka yi. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohayo a 2011 ya ƙara da cewa sa'o'insu da ba su shiga jami'a ba su ma sun ƙara nauyi kusan daidai da su, don ɗan shekara 18 bai gama cika ba. A ɓangaren motsa jiki, masu bincike a Jami'ar Kambirij da ke Ingila sun wallafa a 2020 cewa shiga jami'a na zuwa da raguwar motsa jiki na kusan minti 11 a rana, kuma bayan barin sakandare maza sun fi mata yin ƙasa. Minti 11 kamar ba komai ba, amma a mako ya kusa minti 80, wato fiye da rabin mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani, amma kada a ɗauko su a jibga wa ɗalibin Samaru ko na Kano. Ɗalibin Amurka da aka auna yawanci yana da katin shiga kafteriya inda zai ci iya cinsa. Matsalarsa yalwa ce. Namu kuwa wannan kafteriyar ta daɗe da zama tarihi. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 za su ba ki labarin tikitin abinci da kazar ranar Lahadi. Zanga-zangar ɗalibai ta watan Afrilun 1978, wadda aka yi wa Kanar Ahmadu Ali lokacin yana kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini yana cikin abin da ya tayar da ita. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin ciyarwar gaba ɗaya, aka bar ɗalibi da risho da masu sayar da abinci. A Nijar har yanzu akwai gidan cin abincin ɗalibai mai rangwame a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, amma a Najeriya aljihun iyaye ne kafteriya. Aljihun kuma ya sha wuya tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Naira 20,000 da asusun ba da rancen karatu na NELFUND ke bai wa ɗalibi a wata, in ki raba ta kwana 30, ba ta kai naira 700 a yini ba.

Shi ya sa ɗalibai suke da lissafinsu na raha, 0-1-0 ko 0-0-1 ko 1-0-1, wato safe-rana-dare, sifili na nufin abincin da aka tsallake. Suna faɗa suna dariya, amma da gaske haka ake rayuwa. Kuma watan ɗalibi ba ya tafiya bai ɗaya. Makon da kuɗi suka shigo akwai shawarma da tsire da lemon kwalba, har a yi wa abokai karamci. Mako na biyu a koma garau-garau da ɗan wake. Daga na uku sai jiƙa gari, in an samu da sukari da ƙuli-ƙuli, in ba a samu ba a sha haka. Wanda ya fi daɗewa a makon farko, ko yana da kawu a gari da ke cika masa aljihu, shi ke yin tumbi. Wadda ke jin kunyar kiran gida ta ce kuɗi sun ƙare, ko ta kashe rabinsu a fotokwafi da kuɗin mota da gudummawar bikin ƙawa, ita ke ramewa. Kuɗi ɗaya kike turawa, Hajiya, amma ba ciki ɗaya suke shiga ba.

In kina son ganin abincin ɗalibi da idonki, ki tsaya kusa da teburin mai shayi na bakin hostal da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Yaro zai zo daga ɗakin karatu, rabonsa da abinci tun ƙosan safe, ko ma tun jiya. Ya ce a dafa masa indomi biyu. Mai shayi ya juye ƙunshin ɗanɗanon duka biyun, ya ƙara dunƙule, ya tsiyaya mai a kasko ba awo, ya fasa ƙwai ya soya. Gefe ga rabin burodi an shafe shi da bota, ga kofin shayi da aka zuba wa sukari cokali uku ko huɗu da madarar gwangwani. Ya cinye cikin minti goma, ya je ya kwanta yana latsa waya har ƙarfe biyu. Ba na zagin mai shayi, don ba don shi ba da ɗalibai da yawa da yunwa za su kwana. Amma duba abin da ke cikin farantin: fulawa ce a taliyar, fulawa ce a burodin, taliyar kuma tun a kamfani an soya ta da mai, sannan sukari da gishiri. In ban da ƙwan nan da 'yar madara, ba wani abin kirki da ke gina jini ko tsoka. Ciki ya cika fam, jiki kuwa bai samu abin da yake nema ba. Da mai tumbin da mai ramar duk wannan yunwar suke ciki, wadda ma'auni ba ya nuna ta.

Bari in ɗauki 'yarki tukuna, don ita ta fi gaggawa.

Jiri da kasala da rama a budurwa, abu na farko da nake so a duba shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, ke nan da yawa da shi suke shiga jami'ar tun farko. Mace mai yin al'ada tana buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi, kusan miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8 ya ishe shi. Ga ta kuma ta koma shayi da burodi. Shayin kansa yana da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen abinci ya hana hanji tsotse shi, musamman ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Maganin wannan mai sauƙi ne: a raba shayi da abinci da kamar awa guda, a haɗa wake ko zogale da abu mai tsami irin lemon zaƙi, lemon tsami, tumatir ɗanye ko gwaba, don bitamin C yana taimaka wa ƙarfe shiga jini. Hanta ko sau ɗaya a mako ma tana taimakawa. Amma kafin komai a kai ta asibiti a auna jinin. Gwaji ne mai araha, kuma shi zai nuna ko abinci kaɗai ya isa ko sai an haɗa da magani.

Batun olsa kuwa, a nan zan saɓa wa abin da kusan kowa ya yarda da shi. Yunwa ba ta haƙa gyambo a ciki. Manyan abubuwa biyu ne ke kawo shi. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano aikinta har aka ba su kyautar Nobel a 2005, kuma ta yawaita ƙwarai a ƙasashenmu, yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukarta. Na biyu magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda 'yan mata ke sha don ciwon mara, samari kuma don ciwon jiki, sau da yawa cikin babu komai. Abin da yunwa ke yi shi ne ta tayar da raɗaɗin, don ruwan tsamin ciki ya samu wurin da babu abincin da zai tare shi. Shi ya sa mai ciwon ke jin sauƙi in ya ci, sai ya ɗauka yunwar ce ta jawo. Sannan ba duk zafin ƙirji da ciwon ciki ne gyambo ba. Yaji da shayi mai kauri da kwanciya da cikakken ciki da damuwar jarrabawa duk suna kawo irinsa. Kada a bar ta tana shan farin ruwan maganin nan kwalba bayan kwalba tana cewa tana da olsa. A yi gwajin ƙwayar cutar ta bayan gida ko ta numfashi. In an same ta, magani ne na kusan mako biyu a rabu da ita.

Akwai kuma abin da iyaye ba su cika tambaya ba. Kewar gida da kaɗaici suna ɗauke sha'awar abinci. Yarinyar da ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba, a gida kullum hannu huɗu ko biyar ne a tire, sai ta ga ba ta iya zama ta ci a gaban baƙin fuska. Wata kuma da gangan take ƙin ci, don 'yan ɗaki sun yi mata tsiyar ƙiba. Ki zaunar da ita ki tambaye ta abin da ta ci jiya daga safe zuwa dare, da wa ta ci, ba cikin faɗa ba. In nauyinta ya ragu da fiye da kashi 5 cikin 100 cikin 'yan watanni ba da niyya ba, misali mai kilo 55 ta zubar da kilo 3, ko al'adarta ta ɗauke wata uku, ko tana tari mai daɗewa da zufan dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, ko bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin, wannan ya wuce gyaran abinci, na likita ne, kuma kada a jira hutu na gaba.

Shi kuwa yayanta, lissafinsa a fili yake. Kilo ɗaya na kitse yana daidai da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Wancan ƙarin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba a wata 5, in an raba shi, rarar kalori kusan 70 ce kacal a rana. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kalori sama da 200, kuma ita kaɗai ta cinye iyakar sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa baligi a yini. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. Ga wanda ya saba buga ƙwallo, awa guda a fili tana ƙona masa wajen kalori 500. Ya daina ƙwallon, amma cikinsa bai samu labari ba, yana nan yana neman abincin ɗan wasa. Ba sai ya yi haɗama ba, wannan kaɗai ya isa ya fito da tumbi kafin a rufe zango na biyu.

Barci ma yana da hannu. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Shikago a 2004 ya taƙaita wa samari barci zuwa awa 4 na dare biyu, sai sinadarin da ke sa jin yunwa ya hau, mai sa jin ƙoshi ya sauka, kuma abin da suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da na fulawa. Ɗalibin da ke kwana karatu yana kora lemon ƙara kuzari yana cikin wannan hali. Sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikin irin wannan lemo da kofi yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka gwangwanin ƙarfe tara na dare yana nan yana aiki har ƙarfe biyu. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa sama, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Ni a ganina kwana karatu ya fi cutar da sakamako fiye da yadda yake taimaka masa, amma wannan muhawara ce da ba a cin ɗalibi a cikinta ana gobe jarrabawa.

Kada ki sa shi ya shiga shan shayin rage tumbi. Yawancinsu masu sa gudawa ko fitsari ne, ruwa suke fitarwa, kitsen na nan. Ma'aunin da ya fi sauƙi a gida shi ne igiyar awon tela: faɗin ƙugu a saitin cibiya kada ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85.

Batun motsa jiki a jami'o'inmu yana da ɗan bambanci da na Turawa. Harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke wajen garin Sakkwato, wurare ne masu faɗi. Ɗalibin da ba shi da kuɗin adaidaita sahu yana iya yin tafiyar da bai taɓa yi a gida ba, daga hostal zuwa tsangaya, zuwa ɗakin karatu, zuwa masallaci, ga hawa bene da bokitin ruwa. Ba mamaki 'yarki tana cikin waɗannan: aiki ya ƙaru, abinci ya ragu, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Irinta ba ƙarin motsa jiki take buƙata ba yanzu, abinci take buƙata. Mai ɗan hali kuma ya hau mota daga ƙofa zuwa ƙofa, ya zauna laccar awa biyu, ya zauna wata, ya dawo ya miƙe a katifa da waya. Abin da ke ɓacewa a wurin kusan kowa shi ne motsin da ke sa haki da zufa.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana a cikinsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar ta biya. Ga ɗanki shawarata ɗaya ce, ya koma ƙwallo. Kowane sashe da kowane hostal yana da 'yan wasansa, jami'o'i da dama kuma sun ware yammacin Laraba don wasanni, ko da yake wasu malaman kan cusa lacca a ciki. Wanda abokai ke jira a fili ya fi wanda ya yi wa kansa alkawarin gudu da asuba ɗorewa. Ga 'yan mata, na san fita gudu a bainar jama'a ba kowa ce za ta iya ba, ga sutura ga idon mutane. Tsallen igiya na minti goma a cikin hostal, ko zagaye harabar da ƙawaye biyu bayan sallar asuba, ya wadatar. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a bar shi sai da sassafe ko gab da magariba, a sha ruwa sosai. Wannan shekarun ne kuma ƙashi ke gama tara ƙarfinsa, zuwa wajen shekara 30, kuma tsalle da gudu da ɗaukar nauyi ne ke gina shi.

Yanzu ga abin da ke hannunki, musamman kan autan. Fara da kuɗin. In da hali, ki daina tura na wata a dunƙule, ki raba shi mako-mako. Jimillar ba ta canza ba, amma kin kashe makon shawarma kin kashe makon jiƙa gari. Wannan kaɗai yana gyara fiye da duk nasihar da za ki yi a waya.

Sai buhun da ake haɗa masa. Yawancin iyaye shinkafa da taliya da katan ɗin indomi da gari da sukari suke zubawa, duk dangin abu ɗaya. A rage su a sa wake, don shi ne naman ɗalibi, da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale, daddawa, dabino, da garin kunun da aka haɗa gero da waken suya da gyaɗa. Duk ba sa buƙatar firiji. Wake yana cin kalanzir ko gas, shi ya sa ɗalibai ke gudunsa, amma in an jiƙa shi tun dare yana nuna da wuri. Awara da alale da ƙosai da dafaffen ƙwai da fura da nono ana samunsu a bakin kowace jami'a, kuma sun fi biskit da lemo amfani a kuɗi kusan ɗaya. Ƙwai ɗaya yana ba da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 6, kuma mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen giram 48 a yini. Kayan marmari a bi kakarsu: mangwaro da zafi, gwaba da kaka, lemo da karas da kankana da sanyi, lokacin da ake sayar da su a tula. Indomin ma ba sai an haramta ta ba, don ba za a ji ba. A zuba rabin ƙunshin ɗanɗanon, kada a ƙara dunƙule tun da kusan rabinsa gishiri ne kuma iyakar baligi giram 5 ne a yini, a yanka kabeji da karas ko a barbaɗa zogale, a dafa ƙwan a ciki maimakon suya.

Abinci ɗaya nake roƙon kada a tsallake, na safe. Laccar ƙarfe takwas ce ke kashe shi. Kunu a filas da aka dama tun asuba, ko dafaffen ƙwai biyu da ayaba a jaka, sun isa su hana wannan yunwar ta dare da ke kai mutum ga indomi biyu da rabin burodi. Mai azumin Litinin da Alhamis ya yi sahur na gaske, kada azumin ya zama mafakar rashin girki.

Watannin da suka rage wa autan kafin ya tafi, ki shigar da shi kicin. Muna tura samari jami'a ba su iya dafa komai ba sai ruwan zafi, sannan mu yi mamakin mai shayi ya zama uwarsu. Ya iya dafa-duka, ya iya shinkafa da wake, ya iya kaɗa miyar kuka, ya iya faten doya ko na dankali. Huɗun nan sun ishe shi shekara huɗu. In ya je ya nemi mutum biyu ko uku su haɗa tukunya, kowa da ranarsa. Ya fi araha, kuma wanda ake jira da faranti ba ya tsallake abinci.

Ki kuma koya masa ajiya, don hostal ba firiji ga zafi. Dafaffiyar shinkafa da ta wuni a tukunya tana iya haifar da wata ƙwayar cuta mai fitar da dafin da ɗumame ba ya kashe shi, shi ne aman da ke kama ɗalibi 'yan awanni bayan cin ɗumamen jiya. Ya dafa daidai ci, abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a ajiye. Gari da sauran kayan abinci a zuba su a bokiti mai murfi, saboda ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, kuma gari ba dafa shi ake yi ba kafin a sha. Ruwan da bai yarda da shi ba ya tafasa.

Ita 'yar, kafin hutun nan ya ƙare a yi mata gwajin jini da na ƙwayar cutar ciki, a rubuta nauyinta a takarda, a sake aunawa in ta dawo hutu na gaba. Ki kuma duba jakarta ki ga wane maganin ciwon mara take sha, ki nuna wa likitan.